Basasar Kano da Gadon da Yaƙin Gida Kan Bar wa Masarauta

Duk wanda ya yi nazarin tarihin dauloli da natsuwa zai tarar cewa yaƙin da ƙasa ta yi da abokan gaba na waje, kome tsananinsa, galibi yakan ƙare ya bar mutane a kan sanin da suka yi wa kansu tun farko, sun san sarkinsu, sun san danginsu, sun kuma san wanda ya zo musu da sharri. Amma idan fitina ta ɓullo daga tsakar gida, har jikokin mutum ɗaya suka zare wa juna takobi saboda gadon sarauta, to, ba a mai da takubban nan cikin kube sai an sake warware mas'aloli uku waɗanda a da ake zaton an gama da su, wato wane ne ke da haƙƙin naɗa sarki, su wane ne 'yan gida na haƙiƙa da za a amince wa da makami da muƙami, kuma wane labari za a riƙa gaya wa na baya. Masu nazarin ƙasashen Larabawa sukan kafa hujja a kan haka da masarautar Urdun, wadda ake kira Jodan, da abin da ya auku cikinta a 1970. Mu kuwa mazauna Runjin Sambo da sauran unguwannin Sakkwato muna da misali mafi kusa, wanda hukuncin da ya haddasa shi daga fadarmu ya fito, shi ne Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895.

Kafin a fahimci wannan yaƙi wajibi ne a san tsarin da Daular Usmaniyya ta ginu a kansa. Sarkin kowace ƙasa daga ƙasashen tuta na'ibi ne na Sarkin Musulmi, daga gare shi yake karɓar wilaya, gare shi yake kai mubaya'a da gaisuwar shekara. Amma al'ada ta gudana a kan cewa idan sarki ya rasu, manyan ƙasar su ne kan gabatar da wanda suke ganin ya cancanta, sa'an nan Sakkwato ta tabbatar, Waziri ya zo da takarda da alkyabba da rawani. A Kano manyan nan sun haɗa da shugabannin gidajen da suka yi jihadi, kamar Madaki na Yolawa da Makama na Joɓawa da Sarkin Bai na Dambazawa. Wannan tsari ya ginu ne a kan ladabi ta ɓangarori biyu: ƙasa ba ta naɗa wa kanta sarki ba da izini ba, Sakkwato kuma ba ta ɗora wa mutane wanda zukatansu suka ƙi. Shehu Usmanu da kansa ya lissafa shawara da adalci da barin tsanani cikin ginshiƙan mulki a littafinsa Kitabul Farƙi, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa a cikin birnin Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami, domin jama'ar garin su san hukunce-hukuncen shugabanci.

Tushen rikicin yana gidan Ibrahim Dabo, Basulluɓen da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa a 1819, ya yi mulki har 1846. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Usmanu, sa'an nan Abdullahi Maje Karofi daga 1855, sa'an nan Muhammadu Bello. Abdullahi ya daɗe bisa gado kusan shekara talatin, Allah ya arzuta shi da 'ya'ya masu yawa, ya rarraba musu sarautu da garuruwa, ya ƙarfafa bayin sarki, ya kuma tsare kudancin ƙasa daga harin Ningawa. Babban ɗansa da ake kyautata wa zaton gado shi ne Yusufu, wanda ya riƙe sarautar Galadima har uban ya tuɓe shi. Saboda haka da Abdullahi ya rasu, sai Sarkin Musulmi Umaru ya ba ƙaninsa Bello. Shi kuwa Bello, da yake ya ga 'ya'yan wansa sun cika fada da karkara, kuma yana son share wa nasa ɗan hanya, sai ya shiga tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, yana mai da sarautunsu ga 'ya'yansa da mutanensa, har ya kai ɗansa Tukur ga matsayin Galadima. Shekara goma ana wannan, aka tara a cikin birni ɗaya rundunar 'ya'yan sarki waɗanda suka saba da mulki aka raba su da shi, kowannensu da barorinsa da dawakinsa da ƙullin da ke zuciyarsa.

A nan ne hannun Sakkwato ya shigo. Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Atiku, wanda ya hau a 1891, wanda kuma mutane suka yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin halinsa, ya tara rundunar ƙasashe a 1892 ya tasam ma Argungu, inda Kabawa a ƙarƙashin Sarki Sama suka kore su da mummunar hasara. A wannan yaƙi Tukur ne ya jagoranci mutanen Kano, ya kuwa nuna jarunta a ranar da da yawa suka juya baya, Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan alheri. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Waziri Muhammadu Buhari yana Kano, ya ga inda ra'ayin fada da na gari suka karkata, ya san abin da zai biyo baya, ya ba da shawarar kada a naɗa Tukur. Amma umarni ya tsaya a kan Tukur, Waziri kuwa bawan umarni ne, ya naɗa. Ba a daɗe ba Yusufu ya fita daga birni tare da 'yan'uwansa da wani babban sashe na bayin sarki, suka nufi kudu maso gabas suka kafa sansani a Takai. Tun daga ranar ƙasar Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, kuma kowane dagaci da kowane malami da kowane attajiri ya zama tilas ya faɗi inda yake.

Yusufu bai ga ƙarshen al'amarin ba, domin ya rasu a Garko a 1894. Zaɓin da mutanensa suka yi a bayansa shi ne ya nuna zurfin hankalinsu, gama sun miƙa jagora ga ƙaninsa Aliyu Babba, wanda ake kira Alu, malami kuma mayaƙi, wanda mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da wannan suka sanar da duniya cewa ba gidan Shehu suka yi wa tawaye ba, tun da ga jinin Shehu a gabansu; hukunci ɗaya suka ƙi, na mutum ɗaya. Wajen ƙarshen damunar 1894 suka shiga birni, Tukur ya fice ya yi arewa maso yamma zuwa iyakar Katsina, Sarkin Musulmi ya rubuta wa sarakuna su kai masa gudummawa, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa, domin kowannensu ya gane cewa abin da aka yi wa Kano yau ana iya yi wa gidansa gobe. A watan Maris na 1895 aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, inda Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa.

Ba daidai ba ne mai sharhi ya ɗora laifi duka a wuyan ɓangare ɗaya. Abdurrahman yana da hujjarsa, gama a shari'a naɗa na'ibi haƙƙin imami ne, kuma wanda aka yi wa bai'a sahihiya, fita daga ɗa'arsa da makami sunansa bagayu a wurin fuƙaha'u, ko da masu fitar suna da tawili. Yusufawa kuma suna da tasu, domin haƙƙin imami an ɗaure shi da maslahar talakawa, kuma shawarar da aka nema sa'an nan aka yi watsi da ita ta fi wadda ba a nema ba ciwo. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne abin da ya sami bayin Allah a tsakani: garuruwan da aka ƙone saboda sun yi jinkirin buɗe ƙofa, da fursunonin da aka kashe, da 'ya'yan Musulmi masu salla da aka kai kasuwa aka sayar, alhali ɗaya daga cikin manyan ƙorafe-ƙorafen masu jihadi a kan sarakunan Haɓe shi ne bautar da Musulmi. Umarnin Suratul Hujurati na a sulhunta ƙungiyoyi biyu na muminai idan sun yi faɗa bai sami mai zartar da shi ba, domin wanda ya kamata ya zama alƙali ya riga ya zama ɗaya daga cikin masu husuma.

Abu na farko da yaƙin ya sauya shi ne ma'anar sarautar Kano kanta. Imam Mawardi, a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya raba imarar ƙasa gida biyu: akwai wadda halifa ke bayarwa da zaɓin kansa, akwai kuma wadda mutum ke kamawa da ƙarfi, sa'an nan halifa ya tabbatar da shi don gudun ɓarna da kiyaye haɗin kan Musulmi. Tun daga Sulaimanu, sarkin farko bayan jihadi, har Tukur, sarakunan Kano na kashi na farko ne. Alu shi ne ya shigo ta ƙofa ta biyu, kuma daga baya Sakkwato ta sallama, aka yi sulhu, aka amince da shi. Kano ba ta yar da tuta ba, ba ta daina ambaton Sarkin Musulmi a huɗuba ba, amma kowane Bakano ya ga da idonsa cewa garinsa ya ce a'a, a'ar kuma ta zauna. Birnin da tun a 1851 matafiyi Barth ya ƙiyasta mazaunansa da dubu 30, wanda kasuwar Kurmi da marinansa ke tufatar da ƙasashe har bayan Sahara, ya daɗe da sanin cewa shi ne taskar Daula; Basasa ta ƙara masa sanin cewa yana da ra'ayi, kuma ana iya tilasta wa sama ta saurare shi.

Abu na biyu shi ne sake zana iyakar ɗan gida da bare a cikin masarautar. Alu ya raba manyan sarautu ga 'yan'uwansa da suka sha wuya tare, Ahmadu ya zama Waziri, Abbas ya zama Wambai, bayin sarki kuwa, masu sarautun Shamaki da Ɗanrimi da Sallama da 'yan bindigar da ke ƙarƙashinsu, suka sami ƙarfin faɗa a ji wanda ya wuce na da, domin da kafaɗarsu aka hau. Tukurawa suka watse, aka ƙwace gidaje da gonaki, waɗansu suka ƙare kwanakinsu a ƙasashen maƙwabta. Hujja mafi bayyana ga zurfin wannan hukunci ita ce jerin sarakunan da suka biyo baya: Abbas da Usmanu na biyu 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ne, Abdullahi Bayero da Muhammadu Inuwa 'ya'yan Abbas ne, sauran kuma har zuwa yau zuriyar Bayero ce. Gidan Bello ɗan Dabo bai sake hawa gadon Kano ba.

Abu na uku shi ne raunin da ya biyo, wanda bai tsaya ga Kano kaɗai ba. Ƙasar da ta kashe jarumanta da hannunta sai maƙwabta su yi mata kwaɗayi, shi ya sa Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya iya kawo hari har kusa da ganuwa kafin ƙarnin ya ƙare. Da Abdurrahman ya rasu a 1902, Alu ya ɗauki manyan mayaƙansa ya tafi Sakkwato yi wa magajinsa Attahiru mubaya'a, yana can Baturen Ingila Kanar Morland ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a Lugard ya naɗa shi, Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris, Alu kuwa aka kai shi Yola sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ba mai cewa da ba a yi Basasa ba da an kori Nasara, gama bindigarsu ta fi ƙarfin doki da mashi. Sai dai Daular da sarakunanta suka koyi jan ƙafa ga kiran Sarkin Musulmi a 1894 ba ta iya tashi tsaye gaba ɗaya ba a 1903, aka bi ƙasashenta ɗaya ɗaya.

To, idan muka waiwayi Urdun, za mu ga mas'alolin nan uku sun sake bayyana cikin wata tufa. Abdullahi ɗan Sharif Husaini ya kafa imarar Urdun a 1921, ta zama mamlaka mai 'yanci a 1946, ta haɗe Yammacin Kogin Urdun a 1950, ta ba Falasɗinawa takardar zama 'yan ƙasa, har aka wayi gari masarauta ɗaya tana ɗauke da jama'a biyu masu buri biyu. Bayan an rasa Yammacin Kogi a yaƙin 1967, ƙungiyoyin fida'iyyai suka kafu a Amman da sansanonin 'yan gudun hijira, suna da makamansu da shingayensu da hukuncinsu, har ikon Sarki Husaini ya zama abin tambaya a babban birninsa. Ran 6 ga Satumba, 1970 aka fara karkatar da jiragen sama zuwa wani fili kusa da Zarƙa; ran 17 ga wata sojan sarki suka buɗe wuta a Amman; tankokin Siriya suka ƙetaro ta arewa aka mai da su; ran 27 Jamal Abdul Nasir ya sulhunta Husaini da Yasir Arafat a Alƙahira, kashegari kuma ya rasu. Dubban rayuka suka salwanta, aka ci gaba da faɗa har Yuli 1971, lokacin da aka fitar da ragowar mayaƙan daga dazukan Jarash da Ajlun, suka koma Labanan. Firayim Minista Wasfi Tal, wanda ya ƙarasa wannan aiki, aka harbe shi a Alƙahira ran 28 ga Nuwamba na shekarar.

Bayan wannan ne Urdun ta sake fasalin kanta. Aikin soja da na tsaro da manyan kujerun gwamnati suka koma galibi hannun 'ya'yan ƙabilun Gabashin Kogi, waɗanda suka tsaya wa gadon sarauta ranar tsanani, Falasɗinawa kuwa suka karkata ga ciniki da sana'a. Jan rawanin Badawiyyai da kakin soja da waƙoƙin ƙauye suka zama alamun ƙasa a rediyo da bukukuwa. Taron Rabat na 1974 ya ce ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ita kaɗai ke wakiltar Falasɗinawa, a 1988 Husaini ya yanke alaƙar mulki da Yammacin Kogi, a 2002 kuma ɗansa Abdullahi na biyu ya fito da taken fifita Urdun a kan kome. Sarautar ta tsira, ta ma ƙara ƙarfi, amma tabon bai ɓace ba, har a filin ƙwallo akan ji shi duk ranar da ƙungiyar Faisali ta haɗu da ta Wihdat.

Kamancin da ke tsakanin ƙissoshin nan biyu shi ne cewa a kowanne, waɗanda suka ɗauki makami a gefen mai nasara su ne suka zama fuskar ƙasa, asabiyyar da Ibn Haldun ya yi bayani ta sake ƙulluwa a kan wanda ya tsaya tare da kai ranar jini. Bambancin kuwa yana da muhimmanci. A Urdun mai riƙe da gado ne ya ci, kuma layin da ya raba mutane layin asali ne, wanda ɗa ke gada daga uba, saboda haka yana nan a bayyane. A Kano masu neman gado ne suka ci, layin kuma ya ratsa ta cikin gida ɗaya, don haka auratayya da tsawon zamani da zuwan Turawa suka rufe shi, har yau da wuya ka sami Bakanon da zai ce maka shi Batukure ne ko Bayusufe. Abin da ya saura shi ne ɗabi'ar tsayawa da ƙafar kai a gaban Sakkwato, kuma masana irin su Adamu Fika da John Paden sun bi sawun wannan ɗabi'a cikin ƙarni na 20. Fadar Kano ta rungumi Tijjaniyya alhali Sakkwato gidan Ƙadiriyya ce, alaƙar da ta ƙarfafa bayan haɗuwar Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas a 1937; da gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, Kanawa da yawa sun fassara abin da tsohon harshe, suka ce Sakkwato ce ta sake taɓa gadonsu, kiran a ba Kano jiharta ya ƙaru, aka kuwa ƙirƙiro ta ran 27 ga Mayu, 1967. Ba Basasa kaɗai ta haifi waɗannan ba, akwai kasuwanci da siyasar jam'iyyu da halayen mutane; amma ita ce ta ba su tsohon labarin da suke jingina da shi.

Ra'ayina a kan mas'alar gaba ɗaya shi ne, haɗin kan da yaƙin gida ke haifarwa yana da ƙarfi ƙwarai, domin an saye shi da tsada, amma haɗin kan masu nasara ne, kuma ba ya zama na ƙasa duka sai ranar da aka buɗe wa waɗanda aka ci ƙofa, aka mai da musu mutuncinsu, aka bar su su faɗi nasu labarin. Nijeriya ta gane wani abu daga wannan a Janairu 1970, sa'ad da Janar Yakubu Gowon ya shelanta cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ko da yake cika irin wannan alkawari ya fi furta shi wuya. Mu Sakkwatawa kuma ya kamata mu karanta wannan babi ba tare da kare kai ba, gama girman gidan Shehu bai dogara ga cewa kowane jikansa ya yi daidai a kowane hukunci ba. Waziri Buhari, wanda ya faɗi gaskiya ga ubangidansa sa'an nan ya ɗauki nauyin sulhu, shi ma namu ne, kuma muna da gidan adana tarihi da ke ɗauke da sunan ɗansa Waziri Junaidu a cikin garin nan, inda ɗalibi zai iya neman takardun wancan zamani ya karanta da kansa.

Ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya bar hannun Sarkin Musulmi tun 1903, ya bi ta hannun Turawa, yau yana hannun gwamnoni. Mun ga an raba masarautar Kano biyar a 2019, an tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu a Maris 2020 an naɗa Aminu Ado Bayero, sa'an nan a Mayu 2024 an soke dokar an mai da Sanusi, magana ta koma kotu, jikokin Abdullahi Bayero suna fuskantar juna kamar yadda jikokin Dabo suka yi. Alhamdu lillahi yau da takarda ake yi, ba da mashi ba, kuma wajibi ne a kan malamai da attajirai da dattawan ɓangarorin biyu su tabbatar ta tsaya a nan. Kirana ga duk wanda Allah ya ba ikon ɗaura wa wani rawani, a Kano ko a Sakkwato ko a wata ƙasa, shi ne ya nemi shawarar mutanen da za a mulka, idan kuma ya nema ya yi aiki da ita, domin hukuncin da aka yanke a yini ɗaya a ƙarshen 1893 ya ci rayukan Musulmi har cikin 1895, kuma ƙasar Hausa ba ta gama biyan bashinsa ba har Turawa suka iso.